Kalmomin Tilastawa da Razanarwa na Ingilishi da Matsalolinsu ga Ɗalibai Masu Magana da Rashanci

1.0 Gabatarwa

Kowane harshe yana da rukunin kalmomin da masu shi suke bayyana yadda wani ya sa wani ya aikata abin da ba ya so, ko kuwa ya hana shi abin da yake so. A Hausa muna da *tilasta* da *tursasa* da *matsa wa*. Ga *barazana* da *razanarwa* da *tsoratarwa*. Ga kuma *cin zali* da *danniya*. Wannan maƙala ta dubi irin wannan rukuni ne a harshen Ingilishi, amma ta fuskar ɗalibin da Rashanci ne harshensa na farko, ko kuwa shi ne harshen da ya yi karatu da shi, kamar yadda abin yake ga ɗimbin jama'a a ƙasashen da suka fita daga Tarayyar Sobiyat bayan rushewarta a 1991.

Mai karatu na iya cewa, to me ya haɗa kifi da kaska? Dalilai biyu ne. Na farko, Hausa da Rashanci ba baƙin juna ba ne a fagen ƙamus, domin tun a 1963 aka buga ƙamusun Hausa zuwa Rashanci a Mosko bisa kulawar D. A. Olderogge, sannan na Rashanci zuwa Hausa na V. V. Laptukhin ya biyo baya a 1967. Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci, matsalar da za a tattauna ta shafi duk wanda ya koyi Ingilishi ta hanyar ƙamus mai harshe biyu, kuma da yake laifi tudu ne, ya fi sauƙi mu hango shi a bakin wasu kafin mu gane shi a namu.

Abin da ake son tabbatarwa shi ne, ba ƙarancin kalmomi ne yake damun mai jin Rashanci ba, domin harshensa cike yake da su. Damuwar ita ce kalmomin Ingilishi na wannan rukuni sukan ɗauki bayani iri uku a cikinsu, wato hanyar da aka bi aka matsa wa mutum, da ko an ci nasara a kansa ko ba a ci ba, da kuma nauyin abin a gaban shari'a. Shi kuwa Rashanci yana ajiye wannan bayani a wasu wurare daban. Saboda haka sai mutum ya ba da labarin abin da aka yi masa da Ingilishi, labarin ya fito ko dai bai kai abin da ya faru ba, ko kuwa ya zarce shi. An rubuta misalan Rashanci da baƙaƙen boko domin sauƙin karatu.

2.0 Aikatau na Tilastawa

Rashanci yana da manyan aikatau guda uku a wannan fage. *Zastavit'* shi ne na yau da kullum, wanda uwa za ta yi amfani da shi a kan ɗanta, ɗan fashi ma a kan wanda ya tare. *Prinudit'* ya fi zama a harshen hukuma da na shari'a. Shi kuwa *vynudit'* ya fi nuni ga halin da mutum ya samu kansa a ciki har ya rasa zaɓi, shi ya sa ake kiran saukar gaggawa ta jirgin sama *vynuzhdennaja posadka*, kuma dokar Rasha ta 1993 ta kira waɗanda rikici ya raba da gidajensu *vynuzhdennye pereselency*, wato waɗanda dole ta sa su ƙaura.

Idan ɗalibi ya buɗe ƙamus a kan kowane ɗaya daga cikin ukun nan, zai tarar da kusan jeri guda: *make, force, compel, oblige, coerce*. Ƙamus bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiya duka ba. *Make* shi ne mafi sauƙi, kuma ba lalle ne a ce akwai mugunta a cikinsa ba, domin abin dariya ma yana sa mutum dariya da wannan aikatau. *Force* da *compel* suna karɓar aikau mai rai da marar rai. *Oblige*, wanda tushensa na Latin yake nufin ɗaurewa, yana nuni ga wajibcin doka ko na kunya. *Coerce* kuwa sai mutum ko hukuma, kuma sai da barazana ko ƙarfi. Dubi waɗannan misalai:

(1) a. The rain forced us to stay indoors.
b. The rain coerced us to stay indoors. – kuskure

Jimla ta (1b) kuskure ce saboda ruwan sama ba ya da niyya, ba ya kuma yin barazana. Mai jin Rashanci da yake da *vynudit'* a zuciyarsa, ya kuma zaɓi *coerce* don ya ga ta fi kama da kalmar masu ilimi, shi ne yake faɗawa wannan rami.

Sai kuma abin da yake biyo bayan aikatau. A Rashanci siga guda ce take biyo bayan *zastavit'* da *vynudit'*, amma a Ingilishi hanya ta rabu uku:

(2) a. They made him sign.
b. They forced him to sign.
c. They coerced him into signing.

*Make* ba ya ɗaukar *to*, sai fa idan an juya jimlar aka ɓoye aikau, nan ne *to* yake dawowa, a ce *he was made to sign*. Tsari na (2c) shi ne ya fi yawan 'ya'ya, domin da shi ake amfani a *bully, intimidate, frighten, blackmail, browbeat* da *pressure*, kuma yana da kishiya, wato *out of*, idan hana mutum aka yi. Wani kuskuren da ya kamata a ambata a nan shi ne na *enforce*. Kamarsa da *force* takan sa ɗalibi ya ce an yi *enforce* ɗinsa, alhali kuwa doka ko yarjejeniya ake yi wa *enforce*, ba mutum ba. Za mu sake haɗuwa da wannan aikatau a gaba.

3.0 An Ci Nasara ko Ba a Ci Ba?

A nan ne, a ganina, babbar matsalar take, kuma ita ce littattafan koyarwa suka fi yin sakaci da ita, watakila saboda jimlar da ta ƙunshi wannan kuskure takan fito sumul, babu abin da za a ja wa jan layi ta fuskar nahawu.

Kusan kowane aikatau na Rashanci yana da siga biyu: kammalalliyar siga, wadda take nuna aiki ya kai ga iyakarsa, da kuma siga mai ci, wadda take nuna ana cikin aikin, ko ana maimaita shi, ko kuwa an yi yunƙuri kawai. Misalin da malaman Rashanci suka fi kawowa shi ne na *ugovarivat'* da *ugovorit'*. Ana iya cewa *ugovarival, no ne ugovoril*, wato ya yi ta lallashi amma bai shawo kansa ba, ga aikatau guda ya fito sau biyu, babu kuma tufka da warwara. Haka abin yake ga tilastawa:

(3) a. On zastavil menja podpisat'.
'Ya tilasta mini, na sa hannu.'
b. On zastavljal menja podpisat', no ja otkazalsja.
'Ya yi ta matsa mini in sa hannu, amma na ƙi.'

Ƙamus yana ba da *force* ga *zastavit'* da *zastavljat'* baki ɗaya. Don haka mai (3b) a zuciyarsa sai ya ce:

(4) He forced me to sign, but I refused. – kuskure

Ga Bature, wannan jimla ta ƙaryata kanta. Lauri Karttunen ya yi bayani a 1971 a kan aikatau na Ingilishi waɗanda faɗinsu kaɗai yake tabbatar da aukuwar abin da ya biyo bayansu, kuma *force* da *make* suna aiki ne a haka. Duk wanda aka yi wa *force* ya sa hannu, to ya sa. Abin da mai magana yake nufi shi ne *he tried to force me*. To, idan ya ƙara da cewa ya ƙi, mai sauraro zai lura akwai rikici, ya nemi ƙarin bayani. Haɗarin yana inda bai ƙara komai ba. Sai a rubuta cewa ya sa hannu, alhali bai sa ba.

Akwai aikatau guda da ya fi kowane tsananta wannan matsala, wato *vymogat'*, neman dukiyar mutum ta hanyar barazana. Wannan aikatau ba shi da kammalalliyar siga sam a daidaitaccen Rashanci. Idan aka ce *oni vymogali u nego den'gi*, an faɗa mana sun nemi kuɗi da barazana, amma ba a faɗa mana ko sun samu ba. Takwaransa na Ingilishi, *extort*, wanda tushensa na Latin yake nufin murɗewa a fitar, idan ya zo a shuɗaɗɗen lokaci yana nuna kuɗin sun fita daga hannun mai su. Ke nan *they extorted money from him* ta faɗi abin da jimlar Rashanci ba ta faɗa ba.

Ingilishi yana da tasa hanyar rarrabewa, sai dai ya ɗora ta ne a kan ƙananan kalmomi:

(5) a. They pressured her to resign.
b. They pressured her into resigning.

A (5a) ba a san ko ta sauka daga muƙamin ba. A (5b) ta sauka. Bambancin *to* da *into* ke nan, kuma shi ne mafi kusa da bambancin sigogin Rashanci biyu.

Abin sha'awa shi ne Hausa ma tana da wannan rarrabewa, amma a wuri na uku. Idan na ce *ya sa na share ɗakin*, to an share. Idan kuwa na ce *ya sa ni in share ɗakin*, ina iya ƙarawa da *amma na ƙi*. Wato dai Rashanci ya ajiye labarin sakamako a jikin aikatau na farko, Hausa ta ajiye shi a lokacin aikatau na biyu, Ingilishi kuwa ya ajiye shi a zaɓin kalma da harafin da yake biye da ita. Malamin da ya fahimci wannan zai daina koyar da *force* a matsayin fassarar *zastavljat'*, ya riƙa haɗa kowace siga da tata fassarar tun daga darasin farko.

4.0 Barazana da Razanarwa

Aikatau *ugrozhat'* yana ɗaukar wanda aka yi wa barazana a matsayin karɓau na kaikaice, abin da aka yi barazanar da shi kuma a sigar da take nuna makami ko kayan aiki. *On ugrozhal mne nozhom* kalma da kalma ita ce *ya yi mini barazana da wuƙa*. A nan Hausa da Rashanci tafiyarsu ɗaya. Ingilishi kuwa karɓau na kai-tsaye yake so, don haka *threatened to me* da *threatened me by a knife* duk kuskure ne, daidai shi ne *he threatened me with a knife*. Wannan kuskure ba ya ɓata ma'ana, gyaransa kuma ba wuya, saboda haka ba sai an daɗe a kansa ba.

Wanda ya fi shi dabara shi ne na *intimidate*. Ƙamus yana daidaita shi da *zapugat'*, wanda aka gina daga *pugat'*, tsoratarwa, da ɗafa-goshin *za-* mai nuna an kai abin maƙura. *Zapugat'* aiki ne na ganganci, ana yin sa domin a karya zuciyar mutum ya daina motsi. *Intimidate* yana da wannan ma'ana, misali a kan shaidu ko masu jefa ƙuri'a, amma yana da wata ma'anar ta biyu wadda ba ta buƙatar niyya ko kaɗan. Ɗalibar da ta ce malaminta *intimidating* ne, ba ƙararsa take kai wa ba. Cewa take yi yana da kwarjini. Jarrabawa ma takan zama *intimidating*, haka babban ɗakin taro. Mai jin Rashanci da ya fassara wannan da *zapugivat'* ya mai da yabo ko ƙorafi mai sauƙi ya zama zargi.

Kalmar Rashanci da ta fi dacewa da wannan ma'ana ta kwarjini ita ce *groznyj*, 'yar'uwar *groza*, hadari mai tsawa, da *ugroza*, barazana. Ita ce laƙabin Sarki Ivan na Huɗu, wanda aka naɗa a 1547 ya mutu a 1584, kuma daga gare ta birnin Grozni ya samo sunansa, domin asalinsa sansanin soja ne da aka kafa a 1818. Turawa suna kiran sarkin *Ivan the Terrible*, kuma a zamanin da aka yi fassarar *terrible* tana nufin mai sa firgita. A yau ma'anarta ta yau da kullum ita ce marar kyau ƙwarai, har abinci ma a kan kira shi haka. Saboda haka ɗalibin da ya koyi cewa *groznyj* ita ce *terrible* daga sunan sarkin, zai kira alƙali mai kwarjini da kalmar da take nufin alƙalin banza. *Formidable* ko *fearsome* ne abin da yake nema.

5.0 Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Akwai kalmomin da harsunan biyu suka yi tarayya a kansu ta hanyar aro, ɗalibi ya gan su ya yi murna ya ce ya huta, alhali su ne suka fi yaudara.

*Terror* a Ingilishi, kafin komai, firgici ne da mutum yake ji a ransa. A Rashanci firgici *uzhas* ne. *Terror* kuwa tsari ne na kisa da kame domin a mallaki jama'a, kamar wanda gwamnatin Bolshebik ta ayyana da doka a ranar 5 ga Satumba 1918, da kuma na shekarun 1937 da 1938. Haka nan *repressirovan*. A Rasha duk wanda aka ce an yi wa kakansa haka a 1937, an san kama shi aka yi, aka kai shi sansanin gwale-gwale ko aka harbe shi, har ma akwai dokar 1991 ta wanke sunan waɗanda abin ya shafa. Amma *my grandfather was repressed* a kunnen Bature tana iya nufin kakan mutum ne mai danne abin da ke ransa, wanda ba ya iya nuna ƙauna ko fushi. Ga mutum yana ba da labarin kisa, mai sauraro yana jin labarin hali.

Wasu kalmomin kuma Rashanci ne ya aro daga Ingilishi ya ƙuntata su. *Reket* ta bazu a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da aka ba da damar kafa ƙananan sana'o'i masu zaman kansu, 'yan daba kuma suka fara karɓar kuɗi a hannun masu su da sunan kariya, abin da ake kira *krysha*, wato rufin ɗaki. A Ingilishi *racket* ta haɗa kowace irin haramtacciyar sana'a ta damfara, ban da ma'anarta ta hayaniya. Abin da Rashawa suke nufi sai an ce *protection racket*. Ita ma *kharassment* a Rashanci kusan ta tsaya ne a kan neman mace ko namiji da matsi, musamman a wurin aiki, alhali *harassment* ta Ingilishi ta haɗa da maƙwabcin da ya dame ka da wasiƙun zagi da mai bin bashin da ya hana ka sakat, kamar yadda dokar Ingila ta 1997 a kan wannan laifi ta nuna.

Sai *shantazh* da *blackmail*. Ta farko daga Faransanci ta zo, daga aikatau mai nufin rera waƙa, wato a matsa wa mutum har ya yi waƙa. Ta biyu kuwa ba ruwanta da wasiƙa ko gidan waya, ko da yake ɗalibai da yawa suna zaton haka. *Mail* ɗin da ke cikinta tsohuwar kalma ce ta Sikotilan mai nufin haraji ko kuɗin haya, kuma asalin *blackmail* kuɗi ne da manoman kan iyakar Ingila da Sikotilan suke biyan mahara a ƙarni na 16 don a bar musu dabbobinsu. A maganar yau da kullum kalmomin biyu sun yi daidai: a ce wa mutum ya biya ko a tona masa asiri. A shari'a ne suka rabu. Sashe na 21 na dokar sata ta Ingila ta 1968 ya kira duk wata buƙata marar hujja da aka haɗa da barazana domin samun riba *blackmail*, ko barazanar ta duka ce ko ta tonon asiri, hukuncinta kuma yana iya kai wa shekara 14. A kundin laifuffuka na Rasha na 1996 kuwa wannan laifi *vymogatel'stvo* ne, a sashe na 163, ita *shantazh* ba laifi ba ce mai cin gashin kanta, hanya ce da ake ambata a cikin wasu laifuffuka. A Amurka kuma *extortion* ce babbar kalmar. Ke nan kalma ɗaya ta Rashanci tana da fassara biyu, gwargwadon ƙasar da kotun take.

6.0 Harshen Siyasar Ƙasa da Ƙasa

Ƙasashe ma suna tilasta wa juna, kuma a nan kuskuren fassara ya wuce matsalar aji. Kalmar *sderzhivanie*, riƙewa ko taka birki, ita ce take fassara *containment*, manufar hana Tarayyar Sobiyat faɗaɗa wadda George Kennan ya bayyana a 1947, ita ce kuma take fassara *deterrence*, hana abokin gaba kai hari ta hanyar nuna masa abin da zai biyo baya. Marubutan Sobiyat sukan fassara *deterrence* na ƙasashen Yamma da *ustrashenie*, wato razanarwa, kalmar da take ɗauke da zargi. A 1966 Thomas Schelling ya ƙirƙiro *compellence* don ya bambanta barazanar da take sa a aikata da wadda take sa a bari.

Misali mafi fitowa fili shi ne na *peace enforcement*, kalmar da ta yaɗu a harshen Majalisar Ɗinkin Duniya a farkon shekarun 1990, wadda ake fassarawa da *prinuzhdenie k miru*. A Ingilishi zaman lafiya ne ake tabbatarwa, kamar yadda muka gani cewa *enforce* ba ya ɗaukar mutum. A Rashanci kuwa akwai gurbin wanda za a tilasta wa. Da yaƙi ya ɓarke a watan Agusta 2008, gwamnatin Rasha ta cika wannan gurbi, ta kira matakinta tilasta wa Jojiya zaman lafiya. Mai fassara zuwa Ingilishi dole ya zaɓa: ko ya ce *peace enforcement*, ya ba abin rigar Majalisa, ko ya ce *forcing Georgia to peace*, ya bar ƙarfin a fili.

7.0 A Gaban Alƙali da Jami'in Mafaka

Mutumin da aka sa shi ya sa hannu a takarda bayan an tsare shi kwana biyu, da Rashanci zai ce *ja podpisal pod davleniem*. Kalma da kalma, *I signed under pressure*. To amma *under pressure* a Ingilishi hali ne na kowa da kowa: ma'aikacin da aiki ya yi wa yawa yana cikinsa, ɗan ƙwallon da zai buga fanareti ma haka. Kalmar da take da nauyi a shari'ar Ingila ita ce *duress*, daga tsohon Faransanci mai nufin tauri ko tsanani. Kwangilar da aka ƙulla *under duress* ana iya warware ta, kuma *duress* kariya ce ga wanda ake tuhuma da mafi yawan laifuffuka, ban da kisan kai, kamar yadda Majalisar Dattawan Ingila, a matsayinta na kotun ƙoli a wancan lokaci, ta tabbatar a shari'ar Howe a 1987. Takwaranta a Rasha shi ne sashe na 40 na kundin laifuffuka, wanda ya yi magana a kan tilastawa ta jiki ko ta tunani, da kalmar *prinuzhdenie*. Kalma ce da ba kasafai ake koyar da ita ba, domin ba ta cikin jerin kalmomin da aka fi amfani da su, amma wanda yake buƙatarta yana buƙatarta ƙwarai. Yawan fitowar kalma a rubuce-rubuce ba shi ne kaɗai ma'aunin muhimmancinta ba, kuma masu tsara manhaja ya kamata su yi la'akari da haka.

Na bar *presledovat'* a ƙarshe da gangan. Tushensa *sled* ne, wato sawu, ma'anarsa ta asali ke nan bin sawu. Da shi ake cewa kare ya bi zomo, da shi ake cewa wani yana bibiyar mace duk inda ta je, da shi ake cewa gwamnati tana gallaza wa mabiya wani addini, kuma da shi ne lauya yake cewa ana tuhumar mutum a kotu, *ugolovnoe presledovanie*. Ingilishi ya raba waɗannan huɗu: *pursue, stalk, persecute, prosecute*. Biyun ƙarshe daga aikatau guda na Latin suka fito, shi ma mai nufin bi, kuma ɗan bambancin da ke farkonsu ne kawai ya raba su a rubuce da a baki.

Amma a dokar mafaka tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Yarjejeniyar Janiba ta 1951 ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin jin tsoron *persecution* saboda launin fata ko ƙabila, ko addini, ko ƙasar asali, ko kasancewa cikin wani rukunin jama'a, ko ra'ayin siyasa. Littafin jagora na hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fara bugawa a 1979, ya bambanta wannan da hukuncin laifi na gama-gari, ya nuna cewa mai gudun shari'a ba ɗan gudun hijira ba ne, ko da yake ya yarda tuhuma tana iya zama gallazawa idan dokar kanta ta zalunci ce, ko an zartar da ita da wariya, ko hukuncin ya wuce kima. Tun daga 2022, da yaƙin Yukiren da kiran sojan da aka yi a Rasha a watan Satumba na shekarar suka fitar da mutane masu yawa daga gidajensu, masu jin Rashanci da dama sun zauna gaban jami'an mafaka suna faɗin *menja presledujut*, wato ana bin sawuna. Wanda ya ce *I am prosecuted* ya bayyana kansa a matsayin wanda ake tuhuma da laifi. Wanda ya ce *I am persecuted* ya yi da'awar da sai ya kawo hujjarta. Sau da yawa kuma gaskiyar ta haɗa biyun, wato an buɗe masa fayil a kotu saboda abin da ya rubuta ko ya faɗa. A irin wannan hali tafinta ba shi da ikon zaɓar ɗaya ya yar da ɗaya. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya sanar da jami'in cewa kalmar tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, a tambayi mai maganar wane ne yake bin sa, da wace takarda, kuma a kan wane dalili.